Autarmu da Babbar Makaranta

Muna so mu ba ku labarin wani abin da ya faru a gidanmu, wanda ya hana mu barci kwana da kwanaki. Mun sani a cikinku akwai masu yaro irin namu, wanda ba ya son hayaniya, ba ya kuwa iya buɗe baki a gaban mutane. Sa'ad da lokacin shigarsa sakandare ya yi, tilas ku yi tambayar da muka yi: babbar makaranta mai ɗaruruwan yara za ta karɓe shi, ko kuwa za ta haɗiye shi?

'Ya'yanmu huɗu ne. Ukun farko masu baki ne, in suna gida sai ka ce kasuwa ce take ci. Autar kuwa tun tana goye ba ta da kwaramniya. In baƙo ya yi sallama, sai ta shige bayan zanen uwarta. In an tambaye ta abu, sai ta sunkuyar da kai ta amsa ƙasa-ƙasa, har sai mutum ya karkata kunne kafin ya ji. Maƙwabta sukan ce mana, "Kai, wannan yarinya taku akwai kunya, akwai natsuwa." Mu kuwa mukan ji daɗi, gama babu iyayen da ba sa so a yabi tarbiyyar ɗansu.

A firamare ba mu ga wata wahala ba. Makarantar tana kusa da gida, ajinsu bai kai yara 30 ba, malama ɗaya ce kuma take tare da su daga safe har a tashi. Malamar nan ta san halinta sarai. In ta ga Auta tana tauna gindin biro, ta san akwai abin da ba ta gane ba, sai ta matso kusa ta tambaye ta a hankali.

A shekara ta 2021 ta gama aji shida, sai hanya ta rabu biyu a gabanmu. Ga ƙaramar sakandare ta gwamnati, mai yara fiye da 1,000, inda aji ɗaya kaɗai ya kasu kashi shida, kowane kashi kuwa da yara wajen 70. Tana da ɗakin gwaje-gwaje, da laburare, da horarrun malamai, ga sauƙin kuɗi. Ga kuma wata 'yar makarantar kuɗi mai ɗakuna kaɗan, wadda kuɗin zango ɗaya nata ya kusa cinye albashin wata na maigida. Ba mu daɗe muna tunani ba. Yayyenta uku duk ta babbar suka bi, babu wanda ya yi kuka da ita. Muka ɗinka mata kayan makaranta, muka kai ta.

Kada a ce muna zargin makarantun gwamnati domin cikarsu. Cikar nan alheri ne ya kawo ta. A 1976 gwamnatin Nijeriya ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowane yaro. A 1982 aka fara raba sakandare biyu, ƙarama shekara uku, babba shekara uku. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya, dokar 2004 kuwa ta ce shekara tara na farko, wato firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas. Yaran da dā suke gona ko talla suka shigo aji. Amma ɗakuna da malamai ba su ƙaru daidai da yaran ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya nufa malami ɗaya ya riƙe yara 35 zuwa 40, a wurare da yawa kuwa yana riƙe da ninkin haka. Hausawa sun ce, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

"Lafiya lau, Mama"

Kowace rana in ta dawo uwarta takan tambaye ta, "Yaya makaranta?" Ita kuwa takan ce, "Lafiya lau, Mama." Muka ɗauki wannan amsa muka kwanta a kanta har wata uku.

Alamu kuwa suna nan, mu ne ba mu karanta su ba. Gorar ruwanta takan dawo cike kamar yadda ta tafi. Kuɗin tara da muke ba ta mukan same su a aljihun riga ran wanki. Ran Litinin da safe ciki yakan murɗa mata, ran Asabar kuwa garau take. Muka ba ta maganin tsutsar ciki har sau biyu. Daga baya ne muka san dalili. Ba ta shan ruwa domin kada fitsari ya kama ta, ta miƙe a gaban yara 70 ta nemi izinin fita. Ba ta sayen ƙosai domin wurin mai ƙosai sai mai ture-ture da ɗaga murya yake samu. Haka take yini da ƙishi da yunwa, ta dawo ta ce lafiya lau.

Da takardar sakamakon zangon farko ta zo, muka ga yarinyar da take cikin biyar na gaba a firamare ta koma can kusa da ƙarshe. Muka buɗe littattafanta, ga rubutu rabi da rabi, ga layuka an bar su fili. Ubanta ya yi mata faɗa sosai a daren nan, ya ce wasa ta sa a gaba. Ta tsaya hawaye yana zuba, ba ta ce uffan ba.

Kashegari muka tafi makarantar tare da ita, muka nemi malamin ajinsu. Muka faɗi sunanta. Ya buɗe rajista ya bi da yatsa har ya same shi, sa'an nan ya ɗaga kai ya ce, "Wace ce a cikinsu?" Tana tsaye a gabansa.

Ba mugun mutum ba ne. Da ya ga fuskarmu ta sāke, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ku yi haƙuri. Aji biyar nake shiga, yara wajen 350 ke nan a mako. Waɗanda na sani iri biyu ne, masu ɗaga hannu da masu fitina. Wanda ba ya cikin biyun nan, da wuya in riƙe fuskarsa." Muka roƙa a nuna mana wurin zamanta. Bencin ƙarshe ne, jikin bango, gama tun ranar farko masu ƙarfin hali suka kame na gaba. Ubanta ya zauna a wurin, ya ce ta karanta masa abin da yake kan allo. Ta ƙanƙance ido, ta yi shiru. Ashe ba ta gani.

A asibitin ido aka ce ba ta hangen nesa, likita ya ce irin wannan yakan soma ne a shekarun makaranta, tabarau kuwa yana gyara shi. Wata uku ke nan 'yarmu tana zaune gaban allon da ba ta gani, ba ta gaya wa kowa ba, babu kuwa wanda ya lura.

Bakinmu ya rabu

A nan ne mu biyu muka sami saɓani. Uwarta ta ce a cire ta yanzu-yanzu a kai ta ƙaramar makarantar, ko da za ta ɗauki adashinta duka ta zuba. Ubanta ya ce duniya ba ƙaramar makaranta ba ce, in an ɓoye yarinya yau, gobe wa zai ɓoye ta a kasuwa ko a wurin aiki? Kowannenmu yana da gaskiyarsa, kowannenmu kuma yana jin zafin laifin da ya yi. Muka yi kwanaki maganar ba ta ƙare ba.

Da hutun Kirsimati gwaggon yaran ta zo mana. Ita malama ce a kwalejin horon malamai, ta kuwa yi karatu a kan halin yara. Ta saurare mu har muka gama, sa'an nan ta ce wa wanta, "Yaya, ku biyun kuna gardama a kan girman makaranta, amma ba ku tambayi abin da yarinyar take bukata ba." Ta faɗa mana abu uku da masana suka gano, muna so mu ba ku su yadda muka fahimce su.

Na fari, shiru hali ne da ake haifar wasu da shi. Wani malami a Jami'ar Harvard ta Amurka, Jerome Kagan, ya yi shekaru yana bin yara tun suna jarirai. Ya gwada 'yan wata huɗu da sababbin abubuwa, kamar abin wasa mai motsi da muryar da ba su saba ji ba. Wajen 1 cikin 5 sukan firgita, su yi ta harba ƙafa suna kuka. Da suka tasa, su ne suka fi yin ɗari-ɗari da baƙi da sabon wuri. Da yawa sun sake jiki a hankali, amma da wuya a sami wanda ya juye ya zama sarkin surutu. Saboda haka faɗa da duka ba za su mai da Auta kamar yayyenta ba.

Na biyu, darajar kunya tana bin wuri da zamani. Wani masani, Xinyin Chen, da abokan aikinsa sun duba yaran firamare a birnin Shanghai na ƙasar Sin. A 1990 yara masu kunya su ne abokai suke so, malamai suke yabo, har ana ba su shugabanci. Da aka sake dubawa a 2002, bayan gasa da neman kasuwa sun sāke zaman birnin, sai aka tarar masu irin wannan hali ne ake ƙi, su ne kuma suka fi shan wuya a makaranta. Da muka ji wannan sai jikinmu ya yi sanyi, gama labarinmu ne. A gida mun koya wa yarinya kada ta kalli babba ido cikin ido, kada ta yi magana sai an tambaye ta. Sa'an nan muka kai ta wurin da mai ɗaga hannu ne kaɗai ake gani. Gwaggo ta ce mu rarrabe kunya da tsoro. Kunya ita ce take sa yaro ya durƙusa ya gai da na gaba, ba kuwa za mu so ta rabu da ita ba. Amma abin da ya hana yaro shan ruwa, ko ya hana shi cewa ba ya ganin allo, wannan tsoro ne, ko da mun sa masa sunan kunya.

Na uku shi ne ya buɗe mana hanya. Wasu masana biyu, Roger Barker da Paul Gump, sun kwatanta makarantun sakandare manya da ƙanana a jihar Kansas ta Amurka, daga mai yara ƙasa da 100 zuwa mai fiye da 2,000, suka buga abin da suka gano a 1964. Babbar makaranta ta fi yawan ƙungiyoyi da ayyuka, amma yaran ƙaramar makaranta ne suka fi shiga aiki da riƙon amana. Dalili kuwa shi ne, inda mutane kaɗan ne, kowane hannu ana bukatarsa. In za a yi wasa ko waƙa, tilas a jawo har wanda ya raɓe. Inda jama'a ta yi yawa, 'yan kaɗan ne suke yi, sauran suna kallo. Gwaggo ta ce, "To, ku nema mata wurin da in ba ta zo ba za a sani. Ko a babbar makaranta akwai irin wannan lungu."

Muka tambayi mai abin

Duk da haka muka je muka duba ƙaramar makarantar, gama gani ya kori ji. Mun ga abin yabo. Shugabar ta san kowane yaro da sunan iyayensa. Amma ajin da Auta za ta shiga yara 18 ne, 'yan mata bakwai, dukansu kuwa tare suka taso tun suna ƙanana. Malami ɗaya ne yake koyar da darasi uku, babu ɗakin gwaje-gwaje. Muka yi tunani, in 'yan matan nan bakwai ba su karɓe ta ba, ba ta da wasu da za ta juya gare su. A cikin yara 1,000 kuwa da wuya a rasa mai hali irin nata.

Sai muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko, muka tambaye ta. Ba mu zaunar da ita gabanmu kamar mai shari'a ba. Uwarta ce ta jawo maganar suna ɓarar gyaɗa, kowa idonsa a kan faifai. Can sai ta ce, "Mama, in na koma wata makaranta, za a sake tsai da ni gaban aji in faɗi sunana." Ta kuma ce akwai wata yarinya 'yar wani kashi da suke zama tare a gindin mangwaro bayan laburare in an fita tara. Ba sa yawan magana, amma kullum suna tare. Ba mu taɓa jin labarin yarinyar nan ba.

Muka shirya a tsakaninmu za ta ƙara zango ɗaya. In hutun Ista ya zo ciwon cikin yana nan, za a ɗauki adashi a cire ta, ubanta kuwa ba zai ce komai ba.

Abin da muka yi

Muka koma wurin malamin aji da roƙo uku waɗanda ba za su ci masa lokaci ba: a dawo da ita bencin gaba, a yarda ta ajiye biro a bakin tebur in tana so ta fita maimakon ta miƙe ta yi magana, in kuma zai yi mata tambaya a gaban aji ya gaya mata tun jiya domin ta shirya. Ya yarda da duka ukun. Tun ranar da ya tambayi ko wace ce ita, abin yana damunsa.

Muka nemi lungun da Gwaggo ta faɗa. Malamin aikin gona yana da ɗan lambu a bayan makaranta, yara biyar ko shida suna taimakonsa renon tumatir da 'ya'yan itatuwa. Yana neman mai kyan rubutu da zai riƙa rubuta ranar da aka shuka iri, da ranar da ya tsiro, da guda nawa suka rayu. Aka ba Auta littafin. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ita kwana biyu, sai ga yaro har gida, wai Malam yana gaishe ta, yana kuma tambaya ko an rubuta tsirowar barkono. Tana kwance muka ga ta yi murmushi.

A gida ma muka gyara namu. Muka daina amsa tambaya a madadinta, muka daina cewa "ai kunya gare ta" a kan idonta. Muka riƙa aikenta kanti sayen gishiri ko sabulu, domin ta saba buɗe baki a kan ƙaramin abu. Ƙawarta ta gindin mangwaro ta riƙa zuwa mana ran Asabar. Muka kuma bar tambayar "Yaya makaranta?" gama amsarta ɗaya ce. Sai mu ce, "Da wa kika zauna da tara?" ko "Me ya tsiro a lambu yau?"

Ciwon cikin bai tafi rana ɗaya ba, amma kafin Ista ya ragu ƙwarai, gorar ruwa kuma ta fara dawowa wofi. A 2024 ta rubuta jarrabawar aji uku ta ci da kyau. Ba ta taɓa shiga muhawara ba, ƙawayenta har yanzu biyu ne, in baƙo ya zo muryarta ƙasa-ƙasa take. Amma da za ta bar lambun, ita ce ta zauna da wani ɗan aji ɗaya ta koya masa yadda ake riƙe littafin.

Ba kowane yaro ba

Kada wani ya ɗauki labarinmu ya ce lalle kowane yaro mai shiru ya zauna inda yake. Maƙwabtanmu suna da yaro mai irin halin Auta. Manyan yara suka riƙa tare shi suna ƙwace masa kuɗi, iyayen suka kai ƙara sau biyu ba a yi komai ba. Suka cire shi suka kai shi ƙaramar makaranta, yaron ya farfaɗo. Sun yi daidai. Da mu ma ba mu sami malamin da zai saurare mu ba, da abin da za mu yi ke nan.

Ga alamun da muke roƙonku kada ku ƙyale: ciwon ciki ko na kai da yake zuwa ranakun makaranta kaɗai, abinci ko kuɗin tara da suke dawowa, kaya da suke ɓata ba bayani, fitsarin kwance ga yaron da ya daɗe da dainawa, da faɗuwar sakamako farat ɗaya. Labarin zuciya a tambayi fuska. In sakamako ya faɗi, a duba ido da kunne kafin a ɗauki bulala. In kuwa yaro yana magana sosai a gida amma ko kalma ɗaya ba ta fita bakinsa a makaranta, har abin ya wuce wata guda bayan watan farko na shiga, to wannan ya wuce kunya, sai a kai shi wurin likita. Tilasta masa yin magana ƙara abin yake yi.

In kuna zaɓen makaranta, ku je a ranar karatu, ku tsaya lokacin tara. Ku duba yaran da suke tsaye su kaɗai, ku ga ko wani babba yana kula da su. Ku leƙa bayan gida. Ku tambaya wa yaro zai je wurinsa in yana da damuwa, ku ji ko za a ambaci mutum ɗaya takamaimai. Ku tambaya ko akwai lambu, ko laburare, ko ƙungiyar waƙa ko ɗinki, inda yara kaɗan suke aiki tare da malami ɗaya. In kun sami waɗannan, yawan yara ba zai ɓatar da naku ba. In babu su, ko aji mai yara 15 ne yana iya zama shi kaɗai.

Ubanta bai manta da faɗan da ya yi mata a daren nan ba. Bayan an sa mata tabarau ya kira ta ya ce, "Auta, na yi miki faɗa a kan abin da ba laifinki ba. Ki yafe mini." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Baba." Wannan karo ba mu tsaya a kan amsar ba. Ya zauna kusa da ita ya jira, har ta fara ba shi labarin bencin ƙarshe.

Allah ya ba mu duka haƙuri da basirar renon 'ya'yanmu, masu baki da marasa baki. Ku huta lafiya.